Ga mai son rubuta labarin tafiye-tafiye

Ƙannena masu sha'awar wannan aiki, tambayar da kuka fi yi mini ita ce ina za a samu kuɗin zuwa Dubai ko Masar. Ni ma a kan wannan buri na ɓata shekarun farko. Ina zaune a Katsina, ina wuce Hasumiyar Gobarau a kan babur safe da yamma, sai ranar da wani edita ya ce in cika masa shafi guda a kanta na tarar ba ni da abin faɗa in ban da tana da tsawo. Ginin ƙasa ne da ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau a ƙarni na 15, ga shi a bakin ƙofarmu. Tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, yanzu gidan tarihi ce, kuɗin Keke Napep kaɗai zai kai ka. Durɓi Takusheyi ma, inda kushewun tsofaffin sarakuna suke, ba ta wuce ƙasar Mani ba. Ku fara da waɗannan.

Amma kuskuren da ya fi yi mini ciwo shi ne ɗaukar labari daga baki ɗaya. Na taɓa rubuta dogon bayani kan yadda Malam Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina a zamanin jihadi, wajajen 1807. Na ji daga dattawan birni, na rubuta, na ji daɗin kaina. Bayan ya fito, wani dattijo daga tsallaken iyaka ya aiko mini da tambaya ɗaya tak: waɗanda aka kora, ina suka tafi? Ban ko yi tunanin hakan ba. Gidan sarautar Haɓe arewa ya yi, ya kafu a Maraɗi, kuma har gobe Sarkin Katsina ake ce wa sarkin can. Labarin da za ka ji a ƙofar fadarsa ba irin na Ƙofar Soro ta fadar Katsina ba ne, kuma daga Katsina ta Jibiya ba wata tafiya ce mai nisa ba.

Haka Daura. Kowa ya je rijiyar Kusugu ya dawo da labarin Bayajidda da macijiya da ɗibar ruwa ran Juma'a. Labari ne mai daɗi, amma an rubuta shi har ya gaji. Da wuya ka ga wanda ya ƙarasa Zango ko Ɓaure ya tambayi yadda sarautar Daura ta rabu bayan jihadi, da yadda Turawa suka maido da tsohon gidan sarautar birni a 1906. A nan abin rubutawa yake.

Kuma dattijo ba ya buɗe baki don ka zaro waya. Na sha yin wannan wautar: in yi sallama a tsaye, in danna rakoda, in jero tambayoyi kamar ɗan sanda. Abin da nake samu shi ne “to, haka dai muka tarar.” Ka cire takalmi, ka zauna, ku gaisa har gaisuwa ta ƙare, ka faɗi ɗan gidan wa kake. In ƙauye ne, ka fara da mai gari. Hoto kuwa sai da izini, musamman na mata da na makabarta.

Ka rubuta abin da ka ji a ranar, kafin ka kwanta. Heinrich Barth, Bajamushen da ya iso Katsina a 1851 yana amsa sunan Abdulkarim, ya koyi Hausa, ya jera har sunayen unguwannin birnin a rubuce, shi ya sa ake komawa ga aikinsa har yau. Ni kuwa na dogara da waya, ta faɗa ruwa a damina, hirarrakin da na tara suka tafi. Tun lokacin littafin aljihu da biro ba sa barin jakata.

Maganar kuɗi gajera ce. Wani masauki ya taɓa ɗaukar nauyina, ci da kwana, na dawo na kasa rubuta cewa famfonsu ba ya kawo ruwa. Gara ka biya kuɗin motarka, ko da a kujerar baya za a matse ka.

Sai hanya. Kafin ka shiga mota, ka tambayi direbobin tasha halin da hanyar ke ciki a ranar, don sun riga rediyo sani. Ka daidaita tafiyarka da ranar kasuwa: Mai'aduwa ran Lahadi take ci, kuma in kana son ganin cinikin dabbobi da zafinsa, sammako za ka yi. Da la'asar ta yi ka nemi motar gida, kada magariba ta same ka a daji.