Wasiƙa daga Balin: tsohon da ke zaune a ƙofar jami'a

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Lafiya lau nake, ina fata ku ma haka. Tun ranar da na tura hoton da na ɗauka a ƙofar jami'a tambaya ɗaya ke ta zuwa mini: wane ne tsohon nan da aka sassaƙa da farin dutse? Ƙanena cewa ya yi ko sarkin Jamus ne. Ba sarki ba ne, masanin kimiyya Alexander von Humboldt ke nan, kuma sunansa da na wansa Wilhelm aka sa wa jami'ar. Zan ba ku labarinsa, in kuma taɓo Heinrich Barth, Bajamushen matafiyin nan da ya zo ƙasarmu.

A nan Balin aka haife shi a 1769, a nan kuma ya rasu a 1859. Da mahaifiyarsa ta rasu ya ci gado mai yawa, maimakon ya zauna ya ci daɗi sai ya sayi kayan awo ya nufi Kudancin Amurka a 1799, shi da wani Bafaranshe masanin tsirrai, Aimé Bonpland. Shekara biyar suna yawo. A lokacin baƙo ba ya shiga yankunan da Sifen ke mulka sai da izini, amma Sarki Carlos na Huɗu ya ba shi takardar da ta buɗe masa ko'ina.

Maganar takardar nan ta taɓa ni, don ni wata uku na yi ina jiran ranar da za a duba takardun zamana. Da ranar ta zo na isa tun duhun asuba, fayil a hammata, yatsuna sun sandare har na kasa zuge jaka. Matar ta bi takardun ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya kan ta mai gidan haya ta ce babu sa hannu a shafi na biyu. Shi ke nan, sai wani watan. Na fito raina a ɓace ƙwarai. Duk mai shirin tahowa, don Allah ya ɗauki kwafin kowace takarda, ya duba sa hannu shafi-shafi, domin a nan roƙo ba ya cike gurbin takarda.

Ga sanyi. Ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu, iska tana shiga har ƙashi. In ya ishe ni sai in tuna Humboldt a kan dutsen Chimborazo na ƙasar Ekwado a 1802. Sun hau kusan mita 5,900, numfashi na gagara, dasashi da leɓɓa na zubar da jini, amma bini-bini yakan tsaya ya ciro na'urarsa ya auna tsayi da sanyi, ya rubuta. Daga rubutun nan ya zana yadda tsirrai ke sauyawa daga gindin dutse zuwa ƙololuwa.

Abin da ya fi kama zuciyata shi ne tafkin Valencia a Benezuwela. A 1800 mutanen wurin suka gaya masa ruwa yana ja da baya. Ya zagaya ya ga an sare dazuzzukan kewaye an mai da su gonaki, an kuma karkatar da rafuka don ban ruwa, sai ya rubuta cewa aikin ɗan Adam ne ke ƙafar da tafkin. Da na karanta, rijiyar gidanmu ce ta faɗo mini a rai. Na tuna Baba yana ɗaura wa igiyar guga ƙarin gaba ɗaya, bayan 'yan shekaru ya sake ƙarawa, ga kuma motocin gawayi da ke wucewa ta bakin titi buhu kan buhu. Babu wanda ya rubuta shekarar da aka yi kowane ƙari. Malaman firamare da ke karanta wannan, littafin rubutu ɗaya ya isa yara su riƙa sa ranar ruwan fari da zurfin rijiyar unguwa kowace shekara.

Yau sunansa na kan igiyar ruwan sanyi da ke bin gaɓar Peru, da wani tsuntsun teku, da duwatsu da garuruwa a Amurka. Malaman jami'o'inmu ma sun san gidauniyar Humboldt da ke Bonn, wadda ke kawo masu bincike Jamus. Dukiyar da Humboldt ya gada kuwa buga littattafai ta cinye, ya tsufa ba shi da abin hannu. Ya kuma fito fili ya la'anci bautar da bayi a abin da ya rubuta kan Kuba, wannan ya ƙara masa daraja a idona.

Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, kuma kabarinsa na nan Balin. Ina so in je in gani da idona kafin in yi muku bayaninsa, sai sanyi ya lafa. Yaya, in an sami mai tahowa a haɗo ni da kuka da daddawa, nawa sun ƙare tun watan jiya. A gaida Inna.