Idan ƙarar tana fita wajen jan numfashi

Ƙannena da ke tsayawa a kyamis, da waɗanda suka fara aiki a ƙananan asibitocin unguwa, da ku da Allah ya ba haihuwar fari, akwai wata ƙara da nake so kunnenku ya sani tun kafin ranar da za ku ji ta. Siririya ce mai kaifi, wani lokaci da ɗan kaushi, kuma tana fita ne sa'ad da yaro ke jan iska ciki. Daga wuya take fitowa. Ko ba ka ɗora abin sauraren ƙirji ba, daga bakin ƙofa za ka jiyo ta. Abin da take nunawa shi ne hanyar iska ta sama, wato maƙogwaro ko bututun da ke ƙasa da shi, ta ƙuntata.

Fuka daban take. Mai fuka fitar da iskar ce ke ba shi wuya, fiton kuma can cikin ƙirji yake, inda ƙananan hanyoyin huhu suka tsuke. Salbutamol, maganin fuka, waɗannan ƙananan hanyoyin yake saki. Babu abin da zai yi wa maƙogwaron da ya kumbura, ko gyaɗar da ta maƙale. Na daɗe ina sayar da magani ban san wannan bambancin ba, don a shagon da na koyi aiki duk numfashin da ya yi ƙara fuka muke ce masa.

Wani dare cikin hunturu, bayan isha'i, wani magidanci ya shigo da matarsa, ta lulluɓe yaro ɗan kimanin shekara biyu a cikin hijabinta. Ya ce, "Likita, taimaka mana, tun magariba yake wannan abin." Muryar yaron ta dushe, tarinsa busasshe mai kama da haushi, kuma duk jan numfashi sai ramin da ke gindin wuyansa ya lotsa ciki. Na gani da idona, amma ban san abin da nake kallo ba. Na ce, "Malam, sanyi ne ya tayar masa da fuka." Na ba su salbutamol na ruwa da maganin tari irin mai sa barci, na ce su dawo da safe.

Kafin in rufe shago uban ya dawo shi kaɗai, fuskarsa a sake. Ya ce an gode, ƙarar ta ragu sosai, yaron ma ya fara gyangyaɗi. Na ji daɗi. Allah ya sa wata dattijuwa maƙwabciyarsu, tsohuwar nas, ta leƙa duba shi. Ta ɗaga rigarsa ta ga haƙarƙari na shiga ciki, ta buɗe leɓensa ta ga cikinsa ya dushe ya yi duhu. Nan take ta sa aka nemo mota. A asibiti aka shaƙa masa adirinalin ta abin rufe hanci, aka ba shi deksametason, dukansu magungunan rage kumburin maƙogwaro, da iskar oksijin, ya kwana ana tsaye a kansa. Ya rayu, alhamdulillahi.

Ku tsaya a kan maganar uban, don nan ne tarkon yake. Ƙarar tana buƙatar iska mai wucewa da ƙarfi. Idan yaro ya gaji da kokawa, ko hanyar ta ƙara tsukewa, iskar da ke wucewa takan ragu, ƙarar ma ta ragu. Saboda haka shirun yaron da ya langaɓe ya fi ihunsa hatsari. Sauƙi na gaskiya ana ganinsa a jiki: ƙirji ya daina lotsawa, ido ya buɗe, yaro ya nemi nono ko ya miƙa hannu ga abin wasa. Maganin tarin da na bayar ya ƙara ɓoye alamar, don ya sa masa barci a lokacin da yake buƙatar duk ƙarfinsa ya yi numfashi. Mu da fatarmu take baƙa, ba a jiran a ga jiki ya canza launi. Cikin leɓe da harshe da dasashi ake dubawa.

Dalilin da ya sa abin ke saurin lalacewa ga yara lissafi ne mai sauƙi. Faɗin hanyar iskar jariri bai wuce milimita 4 ba. In bangonta ya kumbura da milimita 1 kewaye, saura milimita 2, wato kashi 75 cikin 100 na sararin ya tafi. Kumburi iri ɗaya a wuyan babba, mai faɗin milimita 8, dushewar murya kawai zai iya kawo masa. Kuka kuma yana ƙara tsananta abin, shi ya sa ba a raba irin wannan yaron da cinyar uwarsa, ba a danne shi. Jagoran Hukumar Lafiya ta Duniya na kula da yara marasa lafiya ya sa wannan ƙarar, idan aka ji ta ga yaron da ke zaune lafiya ba kuka yake ba, cikin alamomin da ake tura yaro babban asibiti nan take.

Ciwon yaron nan da aka kawo mini shago shi ne wanda aka fi gani: ƙwayar cuta irin ta mura ce ke kumbura ƙasan maƙogwaro, galibi tsakanin wata 6 zuwa shekara 3, kuma da dare yake tsananta. Yawancin yara suna warkewa cikin 'yan kwanaki. Amma akwai waɗanda suka fi shi muni, kuma daga bayan kanta ba za ka iya tantancewa ba.

Ɗaya shi ne kumburin murfin maƙogwaro, ɗan naman da ke rufe hanyar iska in muna haɗiya. Zazzaɓi mai zafi ne ke zuwa farat ɗaya, yaro ya kasa haɗiye ko da yawunsa, yana dalala, ya zauna ya miƙo wuya gaba, ya ƙi kwanciya. A da al'adata ce duk yaron da aka kawo da ciwon wuya in ɗauki cokali in danna harshensa in haska tocila. Ga irin wannan yaron, cokalin kaɗai na iya sa hanyar ta rufe gaba ɗaya. Kada ku sa masa komai a baki, kada ku tilasta masa kwanciya.

Sai mashaƙo, wanda ba sai an ba mu labarinsa ba. Tun ƙarshen 2022 ya ɓarke a Najeriya, Kano ta fi kowace jiha jin jiki, ya taɓa Yobe da Katsina da Bauchi da Borno, haka ma yankin Damagaram a Nijar. Wata fata mai launin toka ce ke shimfiɗuwa a maƙogwaro, wuya ya kumbura. In aka kankare ta jini take yi, kuma dafin cutar yana kai wa zuciya. Maganin kashe dafin yana kama dafin da bai riga ya shiga naman jiki ba ne kawai, don haka kowane jinkiri asara ce. Mafi yawan yaran da ya kama ba su kammala rigakafi ba. Allurar nan ta rigakafin cututtuka biyar, wadda Najeriya ta fara bayarwa a 2012, ana yin ta a mako na 6 da na 10 da na 14 bayan haihuwa, kyauta, kuma tana kare yaro daga mashaƙo da ƙwayar da ta fi kawo kumburin murfin maƙogwaro. Ku tambayi uwa katin rigakafi kamar yadda kuke tambayar ko akwai zazzaɓi.

A nan zan yi magana kan beli, tare da girmama iyayenmu wanzamai. Sau da yawa in numfashin yaro ya yi ƙara sai kaka ta ce belinsa ne ya sauko. Toshewar tana ƙasa da inda aska za ta kai. Yanka a wannan halin jini zai ƙara a hanyar da dama ta ƙuntata. Sirace da tafasasshen ruwa ma bai buɗe ta, ƙuna yake jawowa.

Idan kuwa yaro lafiyarsa ƙalau yana wasa, babu mura babu zazzaɓi, sai kwatsam ya ƙware ya hau tari da wannan ƙarar, ku tambaya me ke hannunsa. Gyaɗa, aya, masara, dutsen ado, murfin biro. In yana iya tari da ƙarfi, a bar shi ya yi, kada a zura yatsa ana lalube. In ya kasa tari, ya kasa kuka, jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya a kifa shi a kan hannu kansa na ƙasa, a buga tsakanin kafaɗunsa sau 5, a juyo shi a danna tsakiyar ƙirji sau 5, a yi ta maimaitawa. Wanda ya haura shekara, bayan bugun bayan sai a rungumo shi ta baya a danna saman cibiya ciki da sama. Ko tarin ya lafa, a kai shi a duba, don gyaɗar kan gangara cikin huhu ta yi shiru, bayan kwanaki ta dawo da zazzaɓi da tarin da ba ya jin magani.

Ku masu yin allura, in mutum ya fara wannan ƙarar jim kaɗan bayan allura ko cin wani abu, leɓe da fuska na kumbura, adirinalin a cinya yake buƙata nan da nan, babba ne ko yaro. Wanda ba shi da ita a wurinsa bai kamata ya riƙa yi wa mutane allura ba.

In za a tafi asibiti, yaro ya zauna a cinyar uwarsa a miƙe, kada a goya shi a baya inda ba a ganin fuskarsa, kada a ba shi ruwa ko koko a hanya. Wani ya ɗauki ƙarar a waya in hakan ba zai jawo jinkiri ba, don iskar dare takan sa ta lafa kafin a isa, likita kuma yana son ya ji yadda take. Da kun shiga kada ku bi layin yankar kati. Ku nufi sashen gaggawa, ku gaya wa nas ɗin farko da kuka gani cewa yaro ba ya iya numfashi.