Abin da Koyar da Sintiri Ya Koya Mini

Shekarun da na yi ina koyar da kurata aikin sintiri a ɗaya daga cikin kwalejojin 'yan sanda na Arewa sun sauya mini fahimtar aikin da na ɗauka na san shi ciki da bai. Da farko hankalina yana kan fareti da riƙon bindiga da yadda ake sanya wa mutum ankwa, domin a kansu aka fi matsa mana lokacin da muke kurata. Daga baya na gane cewa ɗan sanda yana iya shafe watanni yana sintiri bai taɓa kunamar bindiga ba, amma ba zai yi sa'a guda bai yi magana da wani ba.

Akwai atisayen da nake yawan maimaitawa. Nakan sa kurtu ɗaya ya tuɓe kaki, ya rataya jaka, ya zama saurayin da ke wucewa ta bakin kasuwa, wani kuma ya tsayar da shi. Kusan kullum abin da ke fara fitowa daga bakin mai tsayarwar shi ne "Kai, zo nan!", alhali hannunsa ya riga ya kai kan jakar. Idan na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Yallaɓai, kamanninsa ne ba su kwanta mini ba." A nan nakan buɗe Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar da ta samo asali tun 1943, in karanta musu inda ta ce shekarun mutum ko askinsa ko irin tufafinsa ba hujjar zargi ba ne, kuma kafin bincike wajibi ne jami'i ya faɗi sunansa da ofishin da yake aiki da abin da yake nema. A watan Satumba aka sa wa dokar hannu, a watan Oktoba kuma zanga-zangar EndSARS, ta neman a rusa rundunar 'yan sanda ta SARS, ta ɓarke, kuma irin wannan tsayarwa ta wulaƙanci tana cikin manyan koke-koken matasan da suka fito. Sai mu sake atisayen, wannan karon da sallama da bayani, har sai harshen kurtun ya saba.

Na kuma koyi cewa mota tana rufe wa ɗan sanda ido. Wanda ya taka da ƙafa ya san lungun da ba shi da mafita, ya san mai unguwa da masu gadi, ya san mai shayin da ba ya tashi sai biyun dare, wanda idonsa ke kan duk baƙon da ya shigo layin. Irin waɗannan mutane ba sa buɗe baki ga wanda ya sha shayinsu bai biya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne rayuwar kurtu bayan yaye. Muna koya masa cewa beli kyauta ne, cewa dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama uwa ko mata a madadin wanda ake nema, cewa tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya muddin akwai kotu a cikin kilomita 40. Sannan sai a tura shi shingen kan hanya ƙarƙashin wanda ya saba miƙa hannu ga direbobi, kuma cikin 'yan makonni karatun ya fara zubewa. Na taɓa haɗuwa da wani ɗalibina a irin wannan shinge. Da ya gane ni, sai ya sunkuyar da kai, ya kasa haɗa ido da ni.

Tun daga ranar nake roƙon a riƙa turo mana kofur-kofur da saje-saje kwas tare da kurata, kuma a atisayen tsayarwa saje nake fara sa wa ya tuɓe kaki ya rataya jakar.