Abin da na koya a jikin gilashin bene

Wanda bai taɓa sauka jikin bene da igiya ba yana ɗauka tsawon ginin ne babban haɗari. Mu masu wanke gilasan dogayen gine-gine a Abuja, wurin da ya fi tayar mana da hankali shi ne bakin rufi, inda igiya take lanƙwasawa ta gangara. Duk motsin da ka yi a ƙasa, tana gogar kaifin siminti ko alminiyon a can sama, kai kuwa ba ka gani. Shi ya sa ake yi mata shimfiɗa a wurin, kuma ake sauka da igiya biyu, kowacce da maɗaurinta daban: ɗaya na ɗauke da kai, ɗaya na jiran ko-ta-kwana. Har yau nakan ga samari a jikin wasu gine-gine da igiya ɗaya tal da guntun katakon da suke zama a kai, kuma hankalina ba ya kwanciya sai na ga sun taka ƙasa.

Da hunturu aiki ya fi yawa, domin ƙura tana dusashe gilashi cikin 'yan kwanaki. A lokacin ne kuma iska take da ƙarfi. A ƙasa da ƙyar take kaɗa riga, amma a kusurwar hawa na goma sha biyar sai ta janye ka daga bango ta maka ka da shi. Mai gini yana da baƙi gobe, ɗan kwangila ya riga ya karɓi kafin alƙalami, kai kuma sai an gama ake biyan ka. Iya cewa "Oga, yau ba za a sauka ba" ya fi iya ƙulli wuya, kuma a ganina wanda bai iya faɗin haka ba bai gama koyon sana'ar ba.

Darasin da ya fi girgiza ni a wurin horo shi ne cewa ɗamarar da ta tare ka daga faɗuwa tana iya halaka ka. Mutum in ya daɗe a rataye ba motsi, jini yakan taru a ƙafafunsa, ya suma. A watan Nuwamba na 2014, kwandon ƙarfen da ke ɗauke da wasu masu wanke gilashi biyu ya karkace a hawa na 68 na ginin One World Trade Center a New York, sai da 'yan kwana-kwana suka yanka gilashi daga ciki suka shigo da su. A yawancin wuraren da muke aiki, mai cetonka na farko shi ne abokin aikinka da ke kan rufi.

Don haka kafin mu yi maganar kuɗi, nakan hau rufin in duba abin da za a ɗaura igiya a jikinsa, in tambayi wa zai tsaya a sama, da yadda zai sauko da ni in na maƙale. In aka nuna mini bututun ruwa ko ƙarfen eriya a matsayin maɗauri, nakan nemi a kafa na gaske tukuna, ko da aikin zai koma hannun wani.