Baƙin allo a gindin darbejiya

A ƙauyenmu, kusa da Ringim, sabis ba ya zama sai a gindin darbejiyar ƙofar masallaci. Nan nake shimfiɗa tabarma bayan la'asar, in haɗa laftof da waya, in shiga katafariyar kwamfutar IBM, irin wadda manyan bankuna ke hada-hadar kuɗi a kanta.

Ranar da allon 3270, wato allon da ake aiki da kwamfutar ta cikinsa, ya fara buɗe mini, baƙi wuluk da koren rubutu, layi 24, kowanne harafi 80, sai da gabana ya faɗi. Amma tattalinsa ya shiga raina. Kana cike allo babu abin da ke tafiya, sai ka danna Enter, sannan a aika wuraren da ka canza kawai. Ga mai sayen data da kuɗin riɗi, wannan alheri ne babba.

Inda na sha wuya shi ne SNA, tsarin sadarwar da IBM ta fitar a 1974, wanda wata manhaja mai suna VTAM ke kula da shi a cikin injin. Mako biyu ina fama. Daga baya na gane TN3270, wanda ke haɗa laftof ɗina da injin, ɗan aike ne: ya ɗauki saƙon allon, ya bi da shi ta TCP/IP, tsarin sadarwar intanet, can a ƙofar injin a mayar da shi kan tsarin SNA.

Jiya Baba ya tsaya a kaina ya ce, "Yaro, lalacewa ta yi ne?" Na ce, "A'a Baba, haka take." Ya zauna, na nuna masa har aka kira magariba.