Tsawon bututun murhu a tantin da ake goyawa a baya

Duk wanda daren watan Janairu ya taɓa riska a dajin arewacin Tanut ya san cewa zafin da aka san Damagaram da shi ba ya raka mutum can bayan faɗuwar rana. Aikina na duba rijiyoyin makiyaya yakan sa in yi kwana uku ko huɗu ina tafiya a ƙasa, kayana duka a baya, kuma hunturu biyu ke nan ina kwana a wani ƙaramin tanti mai tsini wanda ake hura wuta a cikinsa. Ƙanena ne ya aiko mini da shi daga Faransa, tare da murhun ƙarfen titaniyom da ake ninkewa. Murhun bai taɓa ba ni wahala ba, bututun hayaƙinsa ne ya sa na yi ta kai da kawowa.

Bututun falle ne na titaniyom wanda kaurinsa bai wuce na takarda ba. Idan za a yi tafiya, sai a naɗe shi kamar tabarma ya shige aljihun jaka. Idan an sauka, a naɗe shi ta tsawonsa, a zura masa zobban waya, ya zama bututu mai faɗin baki kamar santimita 6. Da ƙanena ya tambaye ni tsawon da nake so, sai na ce mita ɗaya da rabi, domin a lokacin nauyin kaya kawai nake lissafawa. Tsinin tantina yana kan mita 2 daga ƙasa, ramin da bututu ke fita ta cikinsa, wanda aka kewaye da ƙyallen da ba ya cin wuta, yana jikin gangaren rufi a kan mita ɗaya da rabi, saman murhu kuma yana kan santimita 30. Bakin bututun ya tsaya ke nan a mita 1.80. Ya leƙa waje da santimita 30, na kuwa ɗauka hakan ya wadatar, alhali tsinin tantin yana sama da shi.

A daren farko iska ba ta motsa ba, komai ya tafi daidai. A dare na biyu iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas, ta riƙa dukan rufin tana juyowa a kan bakin bututun, hayaƙi ya dinga dawowa ta ƙofar murhu har idanuna suka yi ja. Da gari ya waye na ɗaga kai, sai na ga haske yana shigowa ta ƙananan huji bakwai, kowanne kamar ƙwayar gero, inda tartsatsi ya sauka ya narkar da lailon. Hujin bai tayar mini da hankali kamar hayaƙin ba. Kowace shekara muna jin labarin waɗanda suka shiga da kaskon garwashi ɗaki suka rufe ƙofa, ba su farka ba, saboda iskar guba ta kabon monoksaid wadda ba ta da launi kuma ba ta da wari. Murhun da bututunsa ba ya jan hayaƙi kusan kasko ne a cikin tanti.

Dalilin abin a fili yake. Iska mai zafi ba ta kai mai sanyi nauyi ba, saboda haka tana hawa ta cikin bututu, hawan nata kuma shi ke janyo sabuwar iska ta ƙofar murhu. Gwargwadon tsawon bututu, gwargwadon ƙarfin jan. Amma da na samo na mita 3, sai na gane cewa tsawon ma yana da iyaka. Wutar ta riƙa ruri tana cinye guntayen busasshiyar bagaruwar da na tsinto tun kafin tsakar dare, a dajin da itace ba ya samuwa da sauƙi. Saman bututun yana yin sanyi, hayaƙin ya huce kafin ya fita, kunkunniya mai danƙo ta taru a ciki, ita kuwa tana iya kamawa da wuta. Ga shi falle ne marar kauri, mita ɗaya da wani abu a waje ba tare da madogara ba, yana rangaji duk lokacin da iska ta buso.

Abin da na tsaya a kai shi ne a fara awo daga tsinin tanti, ba daga ramin rufi ba. A auna daga ƙasa zuwa tsini, a ƙara kamu ɗaya, wato wajen santimita 50, sannan a cire tsayin murhu da ƙafafunsa. A nawa tantin lissafin ya ba da mita 2.20, don haka na sa almakashi na rage na mita 3 ɗin, ina sanye da safar hannu, domin gefen fallen yana yanka kamar reza. Wannan ne ya sa nake ba da shawarar a sayi mai tsawo a rage, tun da gajere ba ya ƙaruwa. Na sa masa ragar tare tartsatsi a baki, wadda sai an kakkaɓe ta kowace safiya don kada ta toshe, na kuma ɗaure shi da siraran wayoyi uku zuwa turaku.

Kafin in samu na mita 3, na je wurin wani dattijon maƙeri kusa da kasuwar Dole ta birnin Damagaram, na roƙe shi ya naɗa mini ƙari da kwanon rufi. Ya juya fallen a hannunsa, ya ce: "Malam, kada ka kwana da kwano a kan wuta, farin hayaƙin da yake fitarwa yana sa zazzaɓi." Gaskiya ya faɗa, domin ruwan tutiyar da ake shafa wa kwano yana ƙonewa idan ya yi zafi sosai. Santimita 80 da na yanke kuwa suna nan a jakata, ina kewaye tukunyar shayi da su idan iska ta hana wuta kamawa a waje.