Abin da aiki da manhajojin kiran ofis ya koyar: me ya sa waya ke daina ƙara bayan sabuntawa

Koke-koken da suka fi yawa a teburin masu kula da manhajar kiran kamfani, wato manhajar da ma'aikata ke amsa layin ofis da ita ta intanet, ba su wuce uku ba: "waya ba ta yi ƙara ba", "ina jin sa amma shi ba ya ji na", da "kiran ya yanke da kansa". Kuma kusan kullum sai ka ji an ƙara da cewa jiya lafiya lau take, yau da aka yi sabuntawa ne ta lalace. Darasi na farko shi ne kada a yi saurin ɗora laifi a kan manhajar. Abubuwa uku ne ke sabuntawa, kowanne da ranarsa: manhajar kanta, babbar manhajar wayar (Android ko iOS), da kuma sabar, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da lambobin kamfanin. Ga kuma hanyar sadarwa a tsakani. Matsala takan faɗo ne a inda biyu daga cikinsu suka daina fahimtar juna.

Rashin ƙara shi ne ya fi cutarwa, domin mai wayar bai ma san an neme shi ba, sai abokin ciniki ya gaji ya koma wani wuri. Kafin a gane dalilinsa sai an san hanyar da kira ke bi. Manhajar da ke aljihu ba ta zauna a farke tana jiran kira ba, da batir bai kai azahar ba. Barci take yi. Idan kira ya shigo, sabar kamfanin takan aika saƙon tayarwa ta hannun Apple ko Google, su miƙa wa wayar, wayar ta tashi manhajar, manhajar ta sake yin rajista da sabar, sannan kiran ya iso. Duk wannan cikin 'yan daƙiƙoƙi. Ko'ina aka samu cikas a wannan layi, mai kira zai ji tana ƙara a wajensa, ita kuwa wayar tana kan tebur shiru.

A 2019, da fitowar iOS 13, Apple ya sauya ƙa'ida. Duk manhajar da ta karɓi saƙon tayarwa na kira ta PushKit (hanyar Apple ta tayar da manhajojin kira) dole ta kai rahoton kiran ga CallKit (sashen iPhone da ke kula da kira) nan take, wato ta nuna fuskar kira. Idan ba ta yi ba, wayar za ta kashe ta, idan kuma ta maimaita, wayar za ta daina miƙa mata saƙon kwata-kwata. Kafin wannan, manhajoji da yawa sukan tashi a ɓoye, su tabbatar kiran yana nan, sannan su yi ƙara. Bayan sauyin sai tsarin ya juye: ƙara tukuna, haɗuwa daga baya. Daga nan ne aka samu abin da ma'aikata ke kira kiran fatalwa, inda waya za ta yi ƙara, a ɗauka, a tarar babu kowa, saboda mai kiran ya riga ya ajiye ko wani abokin aiki ya ɗauka kafin saƙon ya iso. Wanda bai san tarihin nan ba zai ɓata kwana biyu yana goge manhaja yana sake saka ta, alhali abin da ya kamata ya duba shi ne tsawon lokacin da sabar ke jira bayan ta aika saƙon tayarwa.

A ɓangaren Android labarin ya fi tsawo, kuma shi ya fi shafar mu, tunda yawancin wayoyin da ke hannun ma'aikata a Najeriya da Nijar na Android ne. Tun Android 6 a 2015 aka shigo da Doze, wanda ke tsuke wa manhajoji intanet idan waya ta daɗe a ajiye. Saƙon tayarwa mai babban fifiko yana iya ratsa wannan barci, mai fifiko na yau da kullum kuwa sai ya jira. Android 11 ya zo da janye izini daga manhajar da aka yi watanni ba a buɗe ba, don haka wayar ajiya da ke cikin durowa za a iya ɗauko ta a tarar makirfo ba shi da izini. Android 12 ya raba izinin Bluetooth ya mai da shi na "na'urorin da ke kusa", shi ya sa bayan sabuntawa wasu suka tarar murya ta daina fita ta abin kunne ta koma lasifika. Android 13 a 2022 ya sa sai mai waya ya amince kafin manhaja ta nuna sanarwa, kuma mutane da yawa sukan danna "a'a" ba tare da sun karanta ba. Android 14 ya taƙaita izinin cika fuskar waya da sanarwa ga manhajojin kira da na ƙararrawa. Kowanne daga cikin waɗannan yana da dalilinsa mai kyau, ba na musun haka. Amma kowanne ya bar wani ofishi da waya mai shiru ranar Litinin da safe.

Sai kuma abin da masu ƙera wayoyin ke ƙarawa da kansu. Tecno, Infinix, itel, Xiaomi, Oppo, Huawei da Samsung duk suna da nasu tsarin tattalin batir a kan na Google. A wasu wayoyin, share manhaja daga jerin waɗanda aka buɗe kwanan nan daidai yake da tsayar da ita da ƙarfi, manhajar da aka tsayar da ƙarfi kuwa ba ta karɓar saƙon tayarwa sai an sake buɗe ta da hannu. Ma'aikaci ya saba share komai don kada waya ta yi nauyi, bai san layin ofis ya rufe ba. Gyaran ba shi da wuya, amma sai an bi shi waya bayan waya: a shiga saitin batir a cire manhajar daga tattali, a ba ta izinin tashi da kanta, a kulle ta a jerin manhajojin da ke buɗe idan wayar na da wannan, a bar mata data a bayan fage ko da an kunna tsimin data. Bayan kowace babbar sabuntawar waya a sake dubawa, domin wani lokaci saitin yakan koma yadda ya fito daga kamfani. Wayoyin Huawei da suka fito bayan takunkumin Amurka na 2019 ba su da hidimomin Google, saboda haka saƙon tayarwa na Google ba ya isa gare su sam, sai idan manhajar ta tanadi wata hanya.

Akwai kuma rana da kowa a kamfani zai daina samun kira lokaci guda, iPhone da Android, ko kuma ɓangare ɗaya gaba ɗaya. Wannan ba daga wayoyi ba ne. Takardar shaidar da sabar ke amfani da ita wajen magana da Apple shekara ɗaya take yi ta ƙare. Apple ya rufe tsohuwar hanyar aika saƙon tayarwa a ƙarshen Maris 2021, Google ma ya rufe tsohuwar tasa a 2024. Kamfanin da ke riƙe da sabarsa a gida kuma ya ƙi sabunta ta, ranar da aka rufe ƙofar ita ce ranar da wayoyinsa suka yi tsit. A rubuta ranar ƙarewar kowace takardar shaida a kalanda, da tunatarwa wata guda kafin lokacin. Idan kuma a kan Wi-Fi na ofis kaɗai ake samun matsalar, a duba katangar tsaro (firewall), wadda ke iya toshe tashoshi, wato ƙofofin da saƙo ke bi: Apple na buƙatar tasha 5223 da 443, Google na buƙatar 5228 zuwa 5230 da 443.

Murya mai tafiya gefe ɗaya kusan kullum matsalar hanya ce. Kira kashi biyu ne: wata ƙa'idar sadarwa mai suna SIP ce ke ƙulla shi ta kwance shi, galibi ta tasha 5060, ko 5061 idan an rufe shi da TLS (hanyar sirranta saƙo), ita kuwa murya ta wata ƙa'idar mai suna RTP take bi, ta wasu tashoshi daban. Kira zai iya haɗuwa tsaf alhali muryar ta ɓata a hanya. Babban wanda ake zargi shi ne SIP ALG, wani saiti da ke zuwa a kunne cikin rautoci (na'urorin da ke raba intanet) da yawa, wanda aikinsa taimakawa ne amma yakan sake rubuta adireshi ba daidai ba. A kashe shi, ko a koma TLS yadda rautar ba za ta iya karanta saƙon ba balle ta taɓa shi. Gwaji mafi sauri: a kashe Wi-Fi a kira da data. Idan murya ta dawo, an san inda za a nufa. Idan ba ta dawo ba a ko'ina, a duba izinin makirfo.

Yankewar kira ma tana da sa hannu, idan an kalli agogo. Kiran da ke mutuwa a wajen daƙiƙa 32 kullum, alama ce cewa saƙon tabbatar da ɗauka bai koma ba, sai ɗaya ɓangaren ya jira iya wa'adinsa ya katse. Wanda ke mutuwa a minti 15 daidai, yawanci sabunta zaman kira ne ya gaza, domin wa'adin da aka saba sawa daƙiƙa 1800 ne kuma a rabinsa ake sabuntawa. Shi ya sa tambayar farko ga mai koke ita ce: a minti nawa ya yanke? Wanda ya yanke lokacin da ma'aikaci ya fita daga ofis zuwa bakin titi, sauya adireshin intanet na wayar ne daga Wi-Fi zuwa data, kuma ba kowace manhaja ce ta iya riƙe kira a wannan tsallake ba.

Wani abu da takardun kamfanonin waje ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa kullum muna tare da shi, shi ne waya mai layi biyu. A yawancin irin waɗannan wayoyi, idan kira na yau da kullum ya shigo ta layi na biyu, data ta layi na farko takan tsaya har a gama. Haka nan idan babu VoLTE, wato kira ta kan 4G, kiran yakan sauko da wayar daga 4G zuwa 3G ko 2G. Ma'aikaciya na tsakiyar magana da abokin ciniki ta manhaja, sai a kira ta daga gida, murya ta ɗauke. Ba sabuntawa ce ta jawo ba, kuma babu sabuntawar manhaja da za ta gyara. A ɗora kiran aiki a kan Wi-Fi idan da hali, ko a keɓe wa aikin waya.

Game da ingancin murya, lissafin a bayyane yake. Kodek, wato hanyar mai da murya data, iri-iri ne: G.711 na cin kilobit 64 a daƙiƙa, da kayan rakiyarsa ya kai 80 a kowane gefe, wato kusan MB 1.2 a minti idan an haɗa zuwa da dawowa. G.729 kilobit 8 ne, da rakiya 24. Opus yana iya rage kansa idan hanya ta matse. Shawarar G.114 ta ƙungiyar sadarwa ta duniya ita ce jinkiri na gefe ɗaya kada ya wuce milidaƙiƙa 150, bayan haka mutane sukan fara taka maganar juna. Idan sabuntawa ta sauya jerin kodek ta sa G.711 a gaba, masu data mai rauni ne za su fara kuka.

Kada kuma a raina jerin matsalolin da aka sani da ke biye da bayanin kowace sabuntawa. Mutane kan karanta sababbin abubuwa su tsallake shi, alhali shi ne ya fi amfani. A ƙarshen 2021 an gano cewa a wasu wayoyi masu Android 10 zuwa sama, idan an saka Microsoft Teams amma ba a shiga da asusu ba, kiran gaggawa na 911 a Amurka yana iya maƙalewa. Manhajar tana ta yi wa kanta rajista a matsayin asusun kira sau da yawa, har ta taɓo wani kuskure a cikin Android ɗin kansa. Microsoft ya fitar da gyara, Google ma ya toshe nasa ɓangaren a Janairun 2022. A irin wannan, jinkirta sabuntawa ganganci ne da rai. Don haka ba a cewa "kada a sabunta", kuma ba a cewa "a sabunta kowa yau". Gyaran tsaro da na kiran gaggawa a saka shi da wuri. Sabuntawar da ta zo da sabon fasali ko babbar sigar iOS ta watan Satumba, ita ce ake tsayawa a gwada.

Dalilin tsayawar shi ne babu komawa baya. App Store ba ya ba ka tsohuwar siga, Play Store ma haka. Apple na da tsarin fitarwa a hankali na kwana bakwai ga masu sabuntawa ta atomatik: kashi 1, 2, 5, 10, 20, 50, sannan 100 cikin ɗari, shi ya sa mutum biyu a ofishi ɗaya za su iya zama da siga daban a mako guda, ɗaya na kuka ɗaya na cewa shi bai ga komai ba. Kamfanin da ke sarrafa wayoyin ma'aikatansa daga tsakiya yana iya jinkirta sabuntawar iOS har kwana 90.

Gwajin kansa, ban da lokacin da za a ajiye wayar, bai wuce rabin awa ba. A ware wayoyi uku ko huɗu da suka yi kama da na ma'aikata, har da mafi tsufa da mafi araha, ba ta manaja kaɗai ba. A sabunta, a kulle fuska, a ajiye wayar ba a caji ba ta yi aƙalla awa guda kafin a kira ta, domin wayar da aka ajiye yanzu za ta yi ƙara ko da saitin ya lalace. A kira a kan Wi-Fi, a kira a kan data, a fita ƙofa ana tsakiyar magana. A haɗa abin kunne na Bluetooth. A jingine kira a dawo da shi, a tura shi ga wani, a danna lambobi a menu na murya a ga ko suna shiga. A bar kira ɗaya ya wuce minti 16. A sa wani ya kira layin wayar na yau da kullum ana cikin magana.

Idan an samu matsala, rahoton da ke cewa "ba ta aiki" ba ya kai kowa ko'ina. A rubuta samfurin waya, sigar Android ko iOS, sigar manhaja har da lambar gininta, irin hanyar da ake kai, lambar da ta kira da wadda aka kira, da lokacin har minti. A fitar da kundin aikin manhajar nan take, kafin a goge ta ko a sake kunna wayar, domin gogewa na tafiya da shaidar, mai bincike a ɓangaren sabar kuma da wannan mintin ne zai nemo kiran cikin dubban da suka wuce ranar.